Daminar da Na Yi da Zabuwa a Ɗaki

Bana marka ta kama mu da wuri. Rana ta ƙi leƙowa, shansherar da matan da ke taya ni aiki suka turara tana jibge a rumfa an lulluɓe ta da tamfol, tana fitar da wannan tsamin da duk mai yin gumin shinkafa ta sani. Ƙafata ta hagu kuwa ta riga gajimare ba ni labari, don duk sa'ad da sanyin ruwa ya zauna a ƙasa sai ta riƙa zugi. Ina zaune ina murza ta sai wata damina ta dawo mini, yau fiye da shekara ashirin ke nan. Lokacin wayar hannu ba ta gama shigowa ƙauyenmu ba, hanyarmu zuwa titin Kura kuwa jar ƙasa ce zalla.

Sunana Asabe. A wancan lokacin mu huɗu ne a gidan: ni, da maigidana da nake kira Malam, da mahaifiyarsa Iya, da 'yarmu Ummi wadda ke kan nono, ta fara dafa bango tana miƙewa. Malam manomi ne, yana da gonar shinkafa a gefen kanal, da rani kuma ya yi tumatir da albasa. Iya tana suyar gyaɗa. Ni kuma gumi nake yi. In jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, a ruwan zafi ta kwana, da safe in tsame, in turara a rabin duro, in shanya, a kai inji. Da wannan aikin nake rufa wa tukunyarmu asiri a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai iso ba.

Ranar da abin ya faru an yi yayyafi da asuba, tsakar gida ta yi santsi. Na kama kunnen duron zan karkata shi in zubar da ruwan, ƙafata ta zame. Ruwan bai gama barin wuta ba. Ya kwararo mini daga gwiwa har tafin ƙafa. Ban san na yi ihu ba, sai daga baya Iya ta ce har maƙwabta na bayan masallaci sun ji. Abin da na riƙe kawai shi ne zanina ya manne da fata, Ummi kuma tana zaune a tabarma tana kallona, ba ta ko yi kuka ba.

Malam ya samo mai babur aka sa ni a tsakiya muka tafi asibiti a Kura. Suka wanke, suka shafa magani, suka naɗe da bandeji. Wata nas mai faɗa ta ce a riƙa kawo ni wanki, kuma kada a kuskura a sa wa ciwon gashin zomo ko toka. Mun je wankin farko, mun je na biyu. Kafin na uku ruwa ya sauko da gaske, ya cinye kwalbatin da ke tsakaninmu da titi. Babur ya daina wucewa. Masu ƙafa biyu lafiyayyu ma sai sun tuɓe riga sun ɗora a ka.

Ina kwance a ɗaki, bandejin ya ƙare, Iya ta yayyaga tsohon zaninta tana tafasawa tana ɗaure mini. Kullum sai ta yi maganar gashin zomo.

“'Yar nan, da shi aka yi mana magani, ga mu nan ba mu mutu ba.”

“Iya, sun ce kada a sa.”

“Su da suka ce, ina suke yanzu? Suna can ƙetaren ruwa.”

A cikin wannan hali Daso ta zo. Bafulatana ce mai tallan nono, rugarsu tana kan tudu ta wajen Bunkure, mun daɗe muna ciniki, in ba ta dusar shinkafa ta ba ni man shanu. Ta yi sallama, ta ga ƙafar, ta yi salati, ba ta ko sauke ƙwarya ba ta juya. Washegari sai ga ta jiƙe sharkaf, ta rungumo wani tsohon kwanon sha da ya huje, a cikinsa wata shuka mai kaurin ganye, gefensa da ƙananan ƙayoyi, jikinsa da ɗigo-ɗigon fari. Saboda wannan ɗigon ake ce mata zabuwa. Yanzu ina ganinta a gidajen Kano cikin tukwane masu fenti, suna ce mata alobera. A lokacin ni ban taɓa ganin an shigar da shuka ɗaki ba.

Daso ta ajiye kwanon a bakin 'yar tagata, ta tsuguna, ta yanki ganyen can ƙasa. Ta jingine shi wani ruwa mai launin ɗorawa ya tsiyaye, sannan ta fere shi, ta fito da wani abu fari ƙal mai yauƙi. Da ta shafa mini a gefen ƙunar sai na ji kamar an zuba ruwan randa a kan garwashi. Rabona da in ji sanyi a ƙafar nan tun ranar da na faɗi.

“Ki ji da kyau, Asabe,” in ji ta. “A cikin duwatsu na tono ta. Ba ta son ruwa. Kada ki bari ruwan sama ya taɓa ta, kada ki kai ta tsakar gida. Ki sa yatsa a ƙasar, in kin ji ta bushe ƙamas har ciki, to ki ɗan tsiyaya mata. Haske kawai take so. Ganyen ƙasa za ki riƙa yanka, kada ki taɓa na tsakiya, nan ranta yake.”

Iya ta taɓe baki ta ce, “Ikon Allah. Mutane ba su sami wurin kwana ba, ciyawa ta samu.”

Daga nan marka ta zauna. Ba irin ruwan da ke zuwa da tsawa ya wuce ba ne, wannan siriri ne, mai naci, ya wuni ya kwana ya sake wuni. Magudanan da ke kwashe ruwa daga gonaki duk ciyawa ta toshe su, ruwan ya rasa hanyar fita ya kwanta a kan shinkafa. Kullum da sassafe maza su fita gayya da lauje da shebur, su shiga ruwa har ƙirji suna jan ciyawa, su dawo da la'asar ƙafafunsu sun yi fari sun tattare. In sun buɗe nan, can ya toshe. Malam yakan shigo ya zauna a bakin ƙofa yana cire matsattsaku daga ƙwaurinsa, in tambaye shi gona, ya ce, “Tana nan.” Ranar da ya ce mini, “Yau ban ga ko kan ganye ba,” bai ci abinci ba.

Abincin ma ba wani abinci ba ne. Aikina ya tsaya, gyaɗar Iya ta ƙare, ba hanyar kasuwa. Muka koma kwaɗon tafasa da rama, wata rana a barbaɗa ɗan garin rogo, wata rana babu. Itace duk ya jiƙe, Iya ta yi ta hura wuta idanunta na zubar da ruwa, hayaƙi ya cika gida, tukunya ta ƙi tafasa. Ashana kanta sai an ɗumama ta a hammata take kamawa. Tufafi suka yi fumfuna, gishiri ya narke a gwangwani. Nonona ya ragu, Ummi ta tsotsa ta saki ta yi kuka, ta sake kamawa. Can cikin gari kuma lokaci-lokaci sai ka ji rugum, katangar wani ta faɗi, a yi ta salati. Ɗakin Iya ma ya tsage daga sama har ƙasa, ta kwaso tabarmarta ta dawo wurina.

Rufin ɗakina na ƙasa ne a kan azara, ya sha ruwa har ya ƙoshi ya fara yoyo. Muka jera kwanoni a ƙasa suna ta ƙara. Ni da ba na iya tashi, aikina ya zama gadin zabuwa. In ɗigo ya matso kusa da taga in ce a ɗauke ta a kai kan akwati, in ya biyo ta can a mai da ita bayan ƙofa. In gari ya ɗan yi haske a dawo da ita taga, a juya ɗayan gefen don kada ta karkace. Na san kowane ganye nata. Kowace safiya Iya ta yanko guntu, tana mita tana shafa mini. Saman ƙunar, wajen gwiwa, ya fara bushewa yana yin sabuwar fata ja. Amma wajen idon sawu, inda ruwan ya taru a cikin takalmina, ya ƙi. Ina kallon ganyayen suna raguwa, ina kallon ciwon, ina rasa wanda zai riga wani ƙarewa.

Wata safiya Iya ta kama ganye za ta yanka sai ya biyo hannunta gaba ɗaya. Gindinsa ya yi laushi, ya yi baƙi-baƙi, yana wari kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Na ce a miƙo mini kwanon. Yatsana ya nutse cikin taɓo. Na dubi rufi, ba ɗigo a wurin. Ina cikin haka Malam ya shigo da buta a hannu, ya nufi taga kai tsaye, sannan ya ga kwanon a cinyata ya tsaya.

“Malam, kai ne kake ba ta ruwa?”

“Ragowar ruwan alwala ne. In na dawo masallaci kina barci.”

“Tun yaushe?”

“Tun da na ga bakin ganyenta yana bushewa.”

Ban taɓa ɗaga masa murya a gaban mahaifiyarsa ba sai ranar. Na ce duniya duka ta cika da ruwa, abu ɗaya da aka ce a hana wa ruwa shi ne ya ga dama ya shayar. Na ce ya kashe mini ƙafa. Na faɗi wasu maganganun da yunwa da zugi suka sa a bakina. Yana tsaye da butar, ruwa na ɗiga daga wandonsa.

“Asabe,” ya ce, a hankali, “ni tun ina yaro abin da na iya ke nan, in ga shuka in ba ta ruwa. Ta gona ta fi ƙarfina. Na ga wannan ce kaɗai ta rage da zan iya yi wa wani abu.”

Ya ajiye butar ya fita.

Iya ce ta karɓi kwanon daga hannuna. Ta zazzage shi a kan faifai, ta zaro shukar. Rabin saiwar ta narke. Ta ɗauki wuƙa ta bi duk inda ya yi baƙi tana yankewa, har ta isa wurin da ya yi fari da tauri. Abin da ya rage bai fi tafin hannu ba, ganyayen tsakiya ne ƙanana da ɗan kututture. Ta ɗora shi a kan murfin kwalla ta ce a bar shi ya sha iska, yankan ya bushe.

“To ƙasar da za a mayar da ita fa, Iya? Duk garin nan ina busasshiyar ƙasa?”

Ta fita cikin ruwan ta shiga tsagaggen ɗakinta, ina kiranta kada bango ya faɗo mata. Ta dawo rungume da wata tukunya an rufe bakinta da tsumma. Yashin da take suyar gyaɗa da shi ne, wanda ta tankaɗe ta adana shekara da shekaru, ba ta bari kowa ya taɓa. Ya yi baƙi saboda wuta, amma a bushe yake. Ta farfasa katangar tsohuwar tukunya ta shimfiɗa a gindin kwanon, ta haɗa yashin da 'yar ƙasar da ta kankaro daga cikin murhu.

“Gyaɗar ma ina take?” ta ce, da ta ga ina kallonta. “Ni ba don ciyawar nake yi ba. Yaron nan ne ba na so ya ɗauki abin a ransa.”

Sai dai yanzu babu ganyen yanka. Kuma gaskiya ko da akwai, ciwon idon sawun ya riga ya wuce nan. Ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi, zazzaɓi ya rufe ni, ɗakin ya ɗauki wani wari da turaren wuta ya kasa dannewa. Ƙudaje suka gane hanya. Ina jin Iya da Malam suna magana ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa, in na buɗe ido su yi shiru. Na daina gane safiya da yamma.

Daso ta zo ta ɗaga zanin da aka ɗaure ƙafar ta duba, ta sake rufewa da sauri.

“Wannan ba na ganye ba ne,” ta ce wa Malam. “Ku kai ta yau.”

“Ta ina? Ruwan kwalbati ya kai wuya.”

Ta koma ruga ta turo mijinta da amalanken shanu. Suka shimfiɗa mini ƙyauren ɗaki a kai, aka lulluɓe ni da tamfol ɗin shanya. Ba su bi ta kwalbati ba, suka yi doguwar zagaya ta kan tudu, ta burtalin da Fulani ke bi da dabbobi. Inda taɓo ya riƙe taya, mazan gayya suka ajiye shebur suka sa kafaɗa. Kafin mu tashi Iya ta zare Ummi daga jikina. Yarinyar ta riƙe wuyan rigata har sai da aka ɓamɓare yatsunta. Na ji kukanta har muka fita gari.

Na daɗe a asibiti. An ceci ƙafar, amma an cire mini ƙananan yatsu biyu, idon sawun kuma ya warke a ƙage, shi ya sa har yau nake ɗingishi. Nas ɗin nan mai faɗa ta ce da mun ƙara kwana biyu da sai dai a yanke daga gwiwa. Na gaya mata zancen zabuwa, ta ce ta taimaki inda ƙunar ba ta yi zurfi ba, amma rami irin wannan sai allura. Malam ya sayar da injin ban ruwansa, bai gaya mini ba, a bakin wata 'yar garinmu da ta zo dubiya na ji. A barandar asibitin yake kwana. Zancen butar nan bai sake tasowa tsakaninmu ba, sai dai wata rana yana ba ni koko ya ce, “Na tambayi Iya. Ta ce tana nan da rai.” Na ɗauka Ummi yake nufi, ashe ita da zabuwar duka yake nufi.

Lokacin da aka sallame ni ruwa ya ɗauke. An jera buhunan ƙasa a kwalbati, babur yana lallaɓawa ya wuce. Gonakin gefen kanal sun zama fili, ruɓaɓɓiyar shinkafa kwance a laka, balbelu suna yawo a kai. Masu gona a tudu sun fara yankan gero, garin yana ƙanshin tumu, amma gidaje da yawa an kafa zana a inda katanga take a da.

Na shiga gida da sanda. Iya ta rame har na tsorata, wuyanta ya zama kamar kara, tana wani tari mai zurfi. Ummi kuwa tana goye a bayanta, kumatunta a cike. Ban tambayi yadda aka yi ba, na gani da idona. Iya ta yaye ta da kunu da nonon da Daso ke kawowa, nata rabon abincin kuma na san inda ya tafi.

Ta sauke ta, yarinyar ta tsaya da ƙafafunta. Tana tafiya. Ban ga ranar da ta fara ba. Na tsuguna da ƙyar na miƙa hannu.

“Ummi, zo. Zo wurin Inna.”

Ta dube ni, ta dubi sandar, ta juya ta cusa fuska a zanin Iya. Na matsa, ta ƙwala ihu.

“Bar ta, 'yar nan,” in ji Iya. “Kada ki matsa mata.”

Na shiga ɗaki don kada su ga fuskata. Kwanon yana bakin taga. Zabuwar ta tsaya da ƙarfinta, ganyayenta sun yi kauri sun yi kore shar, a gindinta kuma ga wasu 'yan toho sun ɓullo daga cikin baƙin yashin. An ɗaure bakin butar Malam da tsumma an rataye ta can nesa a bayan ƙofa. Aikin Iya ne.

Kwanaki suka yi ta wucewa a haka. Ummi ba ta karɓar abinci a hannuna, ba ta yarda in goya ta, in na shigo ɗaki ta fita. Na ji zafin ƙuna, na ji zafin wuƙar likita, amma wannan ya fi shiga jikina. Nakan zauna a bakin gado ina juya kwanon zabuwa wajen haske, ina jin muryarta a tsakar gida tana yi wa Iya gwaranci.

Wata rana da hantsi na sauke kwanon ƙasa ina so in raba 'yan tohon, in sa wa Daso ɗaya a gwangwani. Ummi ta biyo wata kaza har cikin ɗakin. Ta ga abin kore, ta tsuguna, kafin in ce kul ta damƙi ganyen da hannu biyu. Ƙayoyin suka soke ta. Ta saki, ta dubi tafinta, ta buɗe baki ta fasa kuka, ta juya tana neman Iya.

Iya tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya. Na ga ta yunƙura za ta taho, sai ta tsaya. Ta dube ni. Sannan ta juya baya, ta ja labule, na ji tarinta yana nisa zuwa wajen murhu.

Ummi ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana kuka, hannunta a miƙe, ba kowa sai ni. Ban kira ta ba, ban ko motsa ba, tsoro nake kada ta gudu. Ta yi taku ɗaya, ta tsaya, ta sake yin wani. Sai ta zo ta ɗora mini hannun a kan gwiwa, daidai kan tabon, don in hura mata.

Na hura. Na daɗe ina hurawa, har bayan ta daina kuka.